Shekarar da Aka Shanya Gita

Da sunan Allah nake farawa, shi ne ya san abin da ke cikin ƙirjin bawa, har wanda baki ya kasa faɗi. Sa'a da Haru, 'ya'yana, wannan babin naku ne. Ran sunan jikata na ji Sa'a a bakin murhu tana ba ƙawayenta labari, wai kakanku ya tsani babanku, ya lalata masa gita da gangan, ya kore shi daga gida a shekarar yunwa. Ban tanka ba don gida cike yake da baƙi, amma ko tuwon ranar ban ci ba. Ban ga laifinki ba, Sa'a, haka kika ji a bakin 'yan unguwa, ke kuwa a lokacin ko zane ba ki iya ɗaurawa ba. Ni a tsakar gidana aka yi komai, da idona na gani, saboda haka ku zauna ku ji yadda abin ya gudana.

Babanku Lawali, zan rubuta sunansa tunda takarda ba ta jin kunya, ɗan fari ne a wurin kakanku. Shi kuwa kakanku, da ake ce wa Baba Maiganga, makaɗin noma ne daga wani ƙauye kusa da Hawandawaki. In an yi gayya, samari sun jeru a gona da hauyoyinsu, shi ke binsu a baya da ganga yana kirarin kowa, har rago ya manta da ragontakarsa. Mutum ne mai baki, yana iya wasa ƙato har ya yi kuka, amma a kan ɗansa na fari bakin nan a ɗinke yake. Ku yanzu kuna ɗaukar 'ya'yanku na fari kuna yi musu rawa a gaban mutane, ban ce kun yi laifi ba, amma a wancan zamani uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya cin abinci da shi a ƙwarya ɗaya, ba ya yabonsa ko da ya kashe zaki. Kakanku ya riƙe wannan kunya fiye da kowa da na sani. In zai ambaci babanku sai ya ce “wancan”, in ransa ya yi daɗi ƙwarai ya ce “mai gidan nan”. Da Lawali ya tafi cin rani Abijan yana saurayi ya dawo da jar gita mai aiki da lantarki maimakon ya ɗauki gangar gado, abin da tsohon ya faɗa a gaban mutane shi ne, katako da waya ne, ba fata ba rai. Daga nan mutane suka yanke hukunci cewa ba ya son abin. Ni dai na san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kunnen da Lawali ke kiɗa da shi a gidan ya gaje shi.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta fari na biyu, ba na farko da aka yi ina budurwa ba. Soja ke mulki. Ruwa ya sauka sau ɗaya, kowa ya ruga ya yi shuka, hatsi ya fito ya kai tsawon yatsa, sai sama ta ɗauke kamar an yi mata laifi. Aka yi roƙon ruwa har goshi ya yi kanta, shiru. Da rumbuna suka ƙare a ƙauye sai ga kakanku ya shigo Tasawa a ƙafa, tabarma a hammata, ganga a kai. Matarsa ta daɗe da rasuwa, sauran 'ya'yansa mata ne kowace tana fama da nata gidan. Muka gyara masa ɗan ɗakin da ke kusa da zaure, ya rataye gangar a bango, tunda ba noma balle gayya. Muna cin anza, 'ya'yan wani itacen daji, wadda sai an jiƙa an zubar da ruwan an sake jiƙawa kafin ɗacinta ya bari a haɗiye, muna haɗawa da jar dawar taimako in layi ya kai kanmu. Biki ya ɗauke, wa zai yi aure da yunwa balle ya kira mai gita? Lawali ya koma dako a kasuwa, ga shi siriri, buhun da yake ɗauka ya fi shi nauyi. Mazan unguwa kuwa kullum raguwa suke, kowa ya nufi Nijeriya, wasu ko sallama ba sa yi don kada matansu su yi kuka.

Ana cikin haka sai aka yi shela cewa hukuma za ta kafa orkes, wato ƙungiyar makaɗa, ta samarin yankinmu, wadda za ta riƙa kiɗa in manya sun zo, ta kuma je Maradi gasa. Duk wanda aka ɗauka yana da buhun hatsi kowane wata. Za a yi gwaji a gidan samari, a gaban kumandan, sojan da ke mulkin yankin. Ku da kuka tashi cikin ƙoshi ba za ku gane abin da buhun hatsi yake nufi a wannan shekara ba. In an ɗauki babanku, ya zauna tare da mu ke nan. In ba a ɗauke shi ba, babu abin da ya rage masa sai hanyar da sauran maza suka bi. Kowa a gidan ya san haka, har tsohon da ke yi kamar bai ji ba. Kuma ba yabon kai ba, daga Tasawa har Mayahi babu mai hannun babanku, in dai gitarsa ta yarda.

To gitar ce ta ƙi yarda. A kanta akwai wasu abubuwa shida da ake murɗawa don a ɗaure waya ko a sassauta ta, mu kunnuwa muke ce musu. Da can in Lawali ya murɗa kunne, muryar waya takan hau a hankali har ta kai inda yake so ya tsaya. A wannan shekara sai ta koyi wani hali. Ya murɗa, shiru, muryar ba ta motsa ba. Ya ƙara kaɗan, shiru. Ya ɗan ƙara abin da bai kai ƙwayar gero ba, sai ka ji ƙyas, murya ta tsallake ta wuce inda ake nema. Ya dawo da ita baya, ta faɗo ƙasa fiye da inda ta taso. Haka zai zauna a gindin darbejiya bayan la'asar, gumi na zuba, yana murɗa yana saurare, ni ina tankaɗe ina kallonsa ta wutsiyar ido. Aron gitar wani kuma ba zai yiwu ba, don babanku bahago ne, a juye ya ɗaura wayoyinsa, in ka ba shi ta wani kamar ka ba shi takalmin ƙafa ɗaya ne.

Abokinsa Ilu mai gyaran rediyo, wanda ke ba shi aron batirin mota in zai yi kiɗa, shi ya riƙa zuwa suna binciken cutar tare. Suka fara da ƙananan ƙusoshin da ke riƙe da kunnuwan, Ilu ya ɗaure su da turnabis ɗinsa na murɗa ƙusa, bai hana ba. Suka kwance wayoyin suka sake naɗawa, don Ilu ya ce naɗin ya yi yawa, wani ya hau kan wani. Ya ɗan yi sauƙi, amma tsallen na nan. Na ce su zuba man gyaɗa, tunda ko ƙofa in tana kuka shi ake ba ta. Ilu ya dube ni ya yi dariya.

“Rabi, man gyaɗan da ba ki samu kin sa ma miya ba, shi za ki ba gita? Kuma rairayi za shi kwaso, ya ida kashe ta.”

“To ku da kunka iya, ga shi nan kun gyara,” na ce masa.

Lawali ne da kansa ya gano inda cutar take. Wata rana ya kara kunnensa a wuyan gitar yana murɗawa a hankali, sai ya ɗago ya ce ba kunnuwan ke da laifi ba. Akwai wani ɗan farin ƙashi mai tsaga shida a ƙarshen wuyan, inda wayoyi ke bi kafin su isa kunnuwa. Da wayoyinsa na asali suka tsinke, babu inda zai samu sababbi, sai ya warware wayar birkin keke da ta moto, wato babur, ya ɗaura, kamar yadda kowa ke yi a lokacin. Waɗannan sun fi kauri, ga shi kuma ya juya su saboda bahagonci, mai kauri ta faɗa a tsagar da aka yi don siririya. Sai tsagar ta cije wayar. Kana murɗawa tana riƙewa, ƙarfi na taruwa, sai ta saki gaba ɗaya. Ilu ya kawo ƙaramin magagari suka faɗaɗa tsagogin a hankali, Lawali ya karɓi guntun kiriyon, wato fensir, a wurin wani ɗan lakwal da ya dawo daga makaranta, ya goga baƙinsa a ciki don waya ta riƙa zamewa. Ya murɗa, sai ga murya ta hau a natse ta tsaya inda ya ce ta tsaya. Rabon da in ga haƙoransa a waje tun kafin shuka ta bushe. Ya ɗauke ki, Sa'a, ya ɗora a wuya ya zagaya tsakar gida da ke.

Abu ɗaya ya rage, shi ma ba cuta ba ne. Wayoyin da aka sake naɗawa sukan ɗan miƙe, in ta kwana sai a tarar muryar ta ɗan sauka. Ilu ya ce a bar ta kawai, za ta zauna da kanta kafin ranar gwaji. Amma Lawali mutum ne mai mita, ya faɗa da ƙarfi a tsakar gida yana rataye ta.

“Komi ya yi daidai, sai dai muryarta da ke sabka. In da za ta riƙe murya, da na gama.”

Ɗakin kakanku na nan kusa, zana ce kawai tsakani. Ba wanda ya tuna da shi, don in ana zancen gita ko tari ba ya yi.

Daga ranar abin ya juya. Lawali ya fita dako da safe, ni in goya Haru in ja hannun Sa'a mu tafi layin dawa, gida ya rage sai tsoho. Da yamma Lawali ya sauko da gita sai ya tarar ta fi jiya lalacewa. Kunnuwan da aka ɗaure sun yi sako-sako, suna rawa a cikin raminsu. Tsallen murya ya dawo, har ya fi na da, yanzu ko iska ta taɓa kunne sai murya ta gudu, in ka saki kuma ya juya da kansa. Wani baƙin maiƙo ya tsiyayo daga bayansu ya ɓata katakon. Ya zargi Ilu da cewa ya ci tsagogin da yawa, suka yi kwana biyu ba sa magana. Ya zarge ni, wai ina barin yara suna wasa da ita. Na ce masa yaran da ko kuka ba su da ƙarfin yi, su ne za su hau bango? Har wurin malami ya je, don ya fara tunanin ko wani ne ya yi masa hannu saboda gwajin.

Ranar da na gane, dawa ce ta ƙare kafin layi ya kai kaina, na dawo gida da rana tsaka, ƙwarya wayam. Na shigo zaure sai na tsaya cik. Kakanku na zaune a tsakiyar gida, inda babu inuwa ko ta tafin hannu, kansa ba hula. Ya shimfiɗa rigarsa ta sallah a ƙasa, ya kwantar da gitar a kai, rana na dukanta. Yana juya ta a hankali don kowane gefe ya samu, can ya sa yatsa ya taɓa waya, ya sunkuyar da kai ya saurara, ya girgiza kai, ya ƙara gyara mata kwanciya. Nan take na fahimci komai. Haka makaɗa ke yi wa ganga. In fata ta saki, murya ta sauka, sai a shanya ta a rana ko a kara ta kusa da wuta, fata ta ɗaure, murya ta hau. Tun yana yaro abin da ya sani ke nan, kuma bai taɓa ba shi kunya ba. Ya ji ɗansa ya ce murya na sauka, shi kuwa yana da maganin saukar murya. Abin da bai sani ba, waya ba fata ba ce, in ta ji zafi saki take ƙara yi. Yana taɓawa ya ji ta ƙara sauka, sai ya ɗauka ranar ce ba ta isa ba, ya ƙara mata lokaci. Kafin mu dawo ya mayar da ita inda ya ɗauko, ya lulluɓe ta yadda ya same ta.

Ni suruka ce, ba na iya tsayawa in dubi idonsa in ce Baba ka yi kuskure. Sai na yi yadda muka saba, na durƙusa daga nesa, na sauko da Haru daga baya, jariri ne ko zama bai iya ba, na yi magana da shi.

“Haru, ka ce ma kakanka sannu da rana. Ka ce mishi wannan abin ba ya son rana, rana ce ke kashe shi.”

Tsohon bai ɗago ba. Ya daɗe hannunsa na kan wayoyin, sa'an nan shi ma ya amsa wa jaririn.

“Ka ce ma uwarka sanyi ne ya kama ta. Na ji wancan shina cewa muryarta na sabka. Ni kau ba ni da hatsi, ba ni da ƙarhin dako. Wannan ɗai na iya.”

“Ka ce mishi, Haru, ba hwata ba ce. Katakon ne ke bushewa, ramukan kunnuwan su buɗe. Shi ya sa take ƙara lalacewa.”

Na ga lokacin da maganar ta shige shi. Ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi. Ya dubi gitar, ya dubi maiƙon da ya tsiyayo a kan rigarsa. Can ya tashi ya ɗauke ta da hannu biyu ya mayar da ita inda ake rataye ta, ya dawo ya shige ɗakinsa ya saki labule. Ranar ko ruwa bai karɓa ba. Ni kuwa na zauna a bakin murhun da babu wuta na yi kuka, ba don gitar kaɗai ba, tausayin tsohon ne ya kama ni har cikin ƙashi.

Da Lawali ya dawo ban ɓoye masa komai ba, na faɗa masa abin da na gani da abin da tsohon ya ce, kalma da kalma. Ya ɗauko gitar ya ɗaga ta saitin idonsa ya bi wuyan da kallo, ya ga ya ɗan lanƙwashe. Fuskarsa ta canza.

“Taimako? Mutumin da ya ce katako da waya ne? Mutumin da tun da nika bai taɓa ce mini sannu ba? Rabi, ke dai kina son rufa mishi asiri.”

“Wallahi a kan rigarshi ta sallah ya kwantar da ita. Wanda ke son ɓata abu ba ya shimfiɗa mishi riga.”

“To shi hito shi hwaɗa mini da bakinshi. In ya hwaɗa na yarda.”

Ya san abin da ya nema ba mai yiwuwa ba ne, ni ma na sani. Suka shirya da Ilu, suka yi abin da za su iya a ɗan lokacin da ya rage. Suka cusa tsinken ashana a ramukan ƙusoshin don su kama, suka naɗa zare a gindin kunnuwan, suka danne wuyan da dutsen niƙa ko zai miƙe. A gida takan riƙe murya na ɗan lokaci, har mu fara sa rai.

Ranar gwaji na bar Sa'a wurin maƙwabta na goya Haru na tafi, na tsaya bayan shinge tare da sauran mata. An kafa rumfa, kumandan na zaune a tsakiya da sojoji biyu a bayansa. Da aka kira babanku ya fito da farar rigarsa da na wanke ba sabulu, Ilu ya haɗa masa waya da akwatin murya. Ya fara, kuma wallahi farkon ya yi daɗi, har na ga kumandan ya daina magana da na kusa da shi ya juyo. Ana cikin haka waya ɗaya ta saki. Lawali ya kai hannu ya taɓa kunnen yana ci gaba da kiɗa, murya ta tsallake sama ta yi wani ƙara kamar an taka ɗan akuya. Ya dawo da ita, ta faɗi. Ya tsaya ya gyara, ya sake farawa, wata ta saki. Akwatin murya kuwa ba ya rufa wa kowa asiri, duk abin da ya faru sai ya faɗa wa gari. Yara suka fara dariya, manya suka bi. Kumandan bai yi faɗa ba, ya ma ba shi lokaci fiye da na kowa, daga baya ya ɗaga hannu aka kira na gaba. Wani yaro daga Mayahi aka ɗauka, wanda a gaban babanku ya koyi riƙon gita. Ban jira ƙarshe ba, na juyo gida ina jin dariyar nan a bayana.

Da yamma Lawali ya shigo ya jingine gitar a jikin zanar ɗakin ubansa. Ya tsaya a tsakar gida yana fuskantar bango, ya ce ga ta nan, wanda ya fara ya ida. Ya tsaya yana jira. Ni ma na tsaya da muciya a hannu ina roƙon Allah a zuciyata ya buɗe bakin tsohon nan, ko kalma ɗaya ce. Muna jin numfashinsa a bayan zana. Da ya yi magana, abin da ya fito shi ne:

“Abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa.”

Shi ke nan. Wanda ya yi shekaru yana wasa 'ya'yan wasu a gona, ya kasa ce wa nasa yi haƙuri. Ban taɓa jin haushin wata al'ada kamar yadda na ji haushin wannan a ranar ba, kuma har yau da furfurata ban huce ba.

Lawali ya ce in shirya mu tafi tare. Iyaka a rufe take a lokacin, ta daji ake bi, a sauka daga mota a yi tafiyar ƙafa mai nisa. Na dubi Sa'a da ƙafafunta suka zama kamar sillen kara, na dubi Haru da nonona bai ishe shi ba, na dubi labulen ɗakin tsoho wanda in muka tafi ko mai ba shi ruwa babu. Na ce masa ba zan iya ba, ya je ya nemo, zai same mu inda ya bar mu. Bai yi mini gardama ba. Na raka shi tasha da safe, ya hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, tare da wasu maza, ba shi da kaya sai buta da bargo. Kakanku bai fito ba, uba ba ya rakiyar ɗan fari. Wannan shawara da na yanke ita ta raya ku, ban taɓa nadamarta ba, amma ita ce ta sa ban ƙara ganin mijina ba, ko kabarinsa ban san inda yake ba.

Sau biyu ya aiko da ɗan abin da ya samu ta hannun masu dawowa. Damina ta zagayo, ruwa ya sauka kamar ba a taɓa fari ba, maza suka fara komowa ɗaya bayan ɗaya. Duk motar da ta tsaya sai na ga tsohon ya sami dalilin zama a ƙofar zaure, wai iska yake sha. Mutanen ƙauyensu suka aiko a zo a yi musu kiɗan gayya, ya ce hannunsa na ciwo. Hatsi ya fara fitar da kai sai ga wani mutumin Baudeta ya yi sallama, ya ce tare suke dako da Lawali a wani gari bayan Kano, amai da gudawa ya shiga unguwarsu, kwana ɗaya ya yi. Shi ya yi masa wanka, ya kawo mini bargon.

Aka yi zaman makoki. Mutane na ce wa tsohon ya haƙuri, yana cewa haƙuri sai ma'aiki, idonsa a bushe, don ko a mutuwa ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban jama'a. A nan 'yan unguwa suka ƙara samun abin faɗi, wai ku duba ko hawaye babu. Bayan an watse da kwanaki, wata safiya ina dama kunu a gindin zanarsa, sai na ji muryarsa daga ciki, ƙasa-ƙasa.

“Ke 'yar nan. Da kinka raka shi tasha, ya ce wani abu a kaina?”

Na ajiye ludayi. Babanku kuwa ya ce wani abu, kuma gaskiya na faɗa wa tsohon. A tasha, mota na shirin tashi, babanku ya sunkuyo daga sama ya kira ni, na ɗauka zancen yara zai yi. Sai ya ce in riƙa sassauta wa tsoho tuwo, in da hali in dama masa kunu, haƙoransa na ciki sun zube, jar dawar nan ba ya iya tauna ta, shi ya sa yake maido da ƙwarya da saura. Ni da nake kai masa abincin kullum ban gane ba, na ɗauka jikoki yake rage wa. Babanku da bai taɓa zama ya ci tare da shi ba, yana cikin fushi, an yi masa dariya a gaban gari, shi ya gani.

Na koma kan kunun da ya fara kama tukunya. Sa'an nan na ji tsohon ya ce:

“Ashe ya lura.”

Daga nan sai kuka, irin na tsofaffi wanda ba shi da ƙara sai shessheƙa. Na kwashe ku na fita da ku waje don kada ya san an ji. Da na dawo na zuba masa kunun na tura ƙwaryar ta ƙarƙashin labule, ya shanye duka.